Karen da Aka Yasar: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Son Ɗauka a Zariya

A Zariya ba sai ka fita neman kare ba, shi ke samun ka. Ɗalibi ya gama karatu a Samaru ya tattara kayansa ya bar nasa a gidan haya. An yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, gidan da zai koma ba a yarda da kare ba. Karya ta haihu a cikin kwalbati, yara sun kwaso 'ya'yan suna yawo da su a kwali. Mafarauci ya saki wanda ya karye don ba zai sake kamo zomo ba. Akasarin irin waɗannan karnuka suna zuwa ne da ciwo a jiki da tsoron mutane, kuma tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu ɗaukar su suka fi yi.

Na ga kare a bakin hanya, ya rame, yana bi na da ido. In ɗauke shi?

Kada hannunka ya riga idonka. Tsaya daga nesa ka kalle shi na 'yan mintoci. Tafiyarsa daidai take ko yana tangaɗi? Bakinsa a rufe yake ko haɓarsa ta saki yana dalalar da yawu? Yana kai wa iska cizo, ko yana tauna itace da duwatsu? In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ka janye, ka kori yara daga wurin, ka sanar da likitan dabbobi da mai unguwa.

Kowa ya san mahaukacin kare mai bin jama'a da cizo. Akwai nau'i na biyu da ya fi yaudara: kare ya yi laƙwas, baki a buɗe, sai ka rantse ƙashi ne ya maƙale masa a maƙogwaro. Mai tausayi ya zura hannu zai ciro, alhali babu wani ƙashi, cutar ce ta shanye masa haɓa, yawun kuwa cike yake da ƙwayarta.

In bai nuna komai ba, ajiye masa ruwa da ɗan abinci ka ja baya. Tambayi mutanen wurin ko yana da mai shi, don da yawa daga cikin karnukan da ke yawo a Tudun Wada ko Sabon Gari suna da gidan da suke komawa da dare. Karen da ya ji rauni kuwa, ko mai sanyin hali ne, zafin ciwo zai sa ya ciji mai taimakonsa. A lulluɓe shi da tsohon bargo ko buhu mai kauri kafin a ɗaga, fuskarka nesa da bakinsa.

Me ya sa kullum sai an fara da zancen haukan kare?

Saboda ita ce cutar da in an yi sakaci babu gyara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke ɗauka, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Abin takaicin shi ne rigakafinta ba sabon abu ba ne, tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa mutum ita a Faransa, kuma a nan gida cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato ta daɗe tana sarrafa ta karnuka. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da cutar a duniya, kuma sau da yawa a kusa da ranar akan yi gangamin allura kyauta ko da rangwame. Amma kada ka jira Satumba da karen da ka tsinta a watan Fabrairu.

An ce in na kulle shi kwana goma bai mutu ba, shi ke nan ba shi da cutar. Haka ne?

Rabin maganar ke nan, kuma rabin da aka bari shi ne mai haɗari. Kwana 10 ɗin nan na karen da ya riga ya ciji mutum ne. In ya kai kwana 10 lafiya lau bayan cizon, to a ranar da ya yi cizon babu cutar a yawunsa. Wannan bai nuna cewa babu ita kwance a jikinsa ba. Wani kare ya cije shi makon jiya a bola, ƙwayar na iya ɗaukar makonni ko watanni, har zuwa wata 6, tana bin jijiya kafin ta isa ƙwaƙwalwa.

Don haka karen da ba a san tarihinsa ba, musamman mai sabon tabon cizo, ana ware shi a wuri na dabam, babba ɗaya ke kula da shi, yara ba sa wasa da shi, kuma likita ne zai faɗi tsawon lokacin bayan ya duba shi. Duk wani canjin hali na farat ɗaya, mai fara'a ya koma faɗa ko mai faɗa ya koma lallaɓa, ko muryar haushinsa ta sauya, a kira likita a ranar.

Ina zan kai shi, kuma me za a yi masa a zuwan farko?

A wannan fanni mutanen Zariya sun yi sa'a. Jami'ar Ahmadu Bello tana da tsangayar koyar da likitancin dabbobi da asibitin koyarwa na dabbobi a Samaru, inda ake duba karnuka da kyanwoyi, ba shanu da dawaki kaɗai ba. Akwai kuma asibitin dabbobi na gwamnati da likitoci masu zaman kansu. Abin da zan ja kunne a kai shi ne bambanci tsakanin likita da mai shagon maganin dabbobi. Na biyun yana iya sanin magunguna, amma ba shi zai auna jini ba.

Likita zai auna nauyi da zafin jiki (na lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗoriya), ya ɗaga leɓe ya duba dasashi, ya duba haƙora don ƙiyasta shekaru. Kare yakan gama sauya haƙoran nono zuwa 42 na dindindin a wata 6 zuwa 7. Za a iya ɗibar jini da kashi, a ɗan kankare fata in gashi ya zube. Sai maganin tsutsar ciki, sai allurai biyu: ta haukan kare, wadda ake fara yi daga wata 3 a riƙa sabuntawa duk shekara, da allurar haɗaka mai kare shi daga cututtuka biyar, ciki har da fabo (cutar amai da zawon jini da ta fi kama kwiyakwiyi) da distamfa (cutar zazzaɓi da majina mai iya taɓa ƙwaƙwalwa). In kare na fama da zazzaɓi ko ya galabaita, likita na iya jinkirta wasu alluran har ya murmure. Ka karɓi katin rigakafi ka adana shi inda kake adana takardun gida. Ranar da ya yakushi ɗan maƙwabci za ka san amfaninsa.

Malam, ni Musulmi ne. Ya halatta in ajiye kare a gida?

Wannan tambaya ta malamai ce, kuma Zazzau ba ta rasa su ba, don haka ka kai ta gaban malaminka da bayanin halin da kake ciki. Abin da aka sani dai shi ne hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko gadin gona ba, ana rage masa ƙiraɗi, wato wani kaso, na lada kullum, a wata ruwayar ƙiraɗi biyu. Haka nan ya tabbata cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona da dabbobi in akwai buƙata ta gaske. Ana ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risalar nan da ake karantawa a zaurukanmu, ya ajiye kare lokacin da tsaro ya taɓarɓare, da aka tuna masa cewa Imam Malik ya karhanta haka sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye.

A ɗaya gefen kuma, hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa, shi ma a Bukhari da Muslim yake. Suratul Ma'ida aya ta 4 ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo. Ceton karen da ke mutuwa da yi masa magani abu ne guda, ajiye shi na dindindin abu ne na dabam. Mutum na iya yin na farko ya miƙa shi ga mai gona ko mai garke da ke buƙatarsa. Abin da ban taɓa jin malamin da ya halatta ba shi ne jifa da azabtarwa da ɗaure dabba a bar ta da yunwa.

To, batun najasa fa? In ya lashe ni ko ya taɓa tufafina?

A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muka tashi a kai, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne. Shafi'iyya na ganin sa najasa mai nauyi, a wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa. Ko wanne ka bi, tsarin gida ɗaya ne: kaskonsa dabam, makwancinsa a waje, ba ya shiga ɗaki ko madafa, ba ya kusantar randa da butoci. Likita ma abin da zai ce ke nan.

Haƙarƙarinsa duk a waje. In cika masa kwano ya ci ya ƙoshi?

A'a. Cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar lodi. Kare na iya yin amai da zawo, wani ma ya mutu, saboda an cika shi a rana ɗaya. Ba shi kaɗan-kaɗan sau huɗu zuwa shida a yini, a riƙa ƙarawa a hankali cikin mako guda ko fiye. Ruwa kuwa kada ya yanke.

Ba dole sai abincin buhu na kanti ba. Amma tuwo zalla da ƙanzo ba sa mayar da tsoka. A haɗa shinkafa ko tuwon masara da dafaffen ƙwai, ƙananan kifi, ko nama. Kayan cikin da ake samowa a kwata suna da kyau da araha, da sharaɗin a dafa su sosai, domin ɗanyen huhu da hanta na ɗauke da wata tsutsa da kare ke kamuwa da ita, ya zubar da ƙwanta a kashinsa, ya koma jikin mutane da tumaki. Ragowar miyar gida mai albasa da yaji da gishiri ba ta dace da shi ba. Albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Cakulan da inabi guba ne gare shi. Goro ma haka, don haka a lura da inda Baba ke ajiye nasa.

Gashinsa ya zube, fatar ta yi kaushi, yana ta susa. An ce in shafa masa baƙin mai.

Wannan shawara ta kashe karnuka da yawa. Baƙin mai na inji yana ƙona fatar da ta riga ta yi rauni, kare ya lashe ya shiga cikinsa, ga shi yana jawo zafin rana. Haka fiya-fiya da magungunan feshin gona: bayan ɗan lokaci sai ka ga kare na dalala yana karkarwa, kafin a isa asibiti ya tafi.

Ƙazuwar kare iri biyu ce. Ɗaya tana da tsananin ƙaiƙayi, tana fara cin gefen kunne da gwiwa, tana kama sauran karnuka, har mutum takan sa masa ƙuraje na ɗan lokaci. Ɗayar ba ta yaɗuwa, tana tasowa ne in garkuwar jiki ta yi rauni. Akwai kuma makero, wanda ke saurin kama yara. Da ido ba a rarrabewa, shi ya sa ake kankarar fata a duba. Maganin na ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a daina da zarar gashi ya fara tsirowa. In lokacin hunturu ne, karen da ba gashi yana buƙatar buhu ko tsumma a makwancinsa da kariya daga iska.

Kaska ta cika masa kunne da tsakanin yatsu.

A kama ta daf da fata a ja a hankali, a jefa cikin kananzir. Kada a murje da farce. Sai a nemi maganin da likita ya auna daidai nauyin karen, ba a ɗebi na shanu da ka ba. Kaskar kare tana ɓuya a tsagar bango da ƙarƙashin keji, mace ɗaya na zuba dubban ƙwai, don haka in ba a yi wa wurin kwanansa magani ba aikin banza aka yi. Babbar illarta ita ce cututtukan jini da take sawa. Ɗaga leɓensa ka duba dasashi: in ya yi fari fat ko rawaya maimakon ja-ja, ko fitsari ya yi duhu, ko haɓo ya ɓalle, kada a kwana.

Da damina wasu marurai sun fito masa, kowanne da ɗan rami a tsakiya. Mene ne?

Matso kusa ka duba ramin, za ka ga wani abu fari yana motsi. Tsutsar wani ƙuda ce mai zuba ƙwai a ƙasa mai laima da fitsari, ko a jiƙaƙƙen tsumma. Tana huda fata ta zauna tana girma, ta ramin take numfashi. An fi ganin ta a jikin kwiyakwiyi, a ciki da ƙafafu da gindin wutsiya. A toshe ramin da man basilin a ɗan jira. In ta rasa iska sai ta leƙo. Sannan a sa yatsu biyu a gefe da gefe a matsa daga ƙasa a hankali, sai ta fito ɓul, fara, mai ƙiba. Kada a fasa ta a ciki, don wurin zai yi ruwa. A wanke ramin a sa maganin ciwo. In sun yi yawa a bar wa likita. A sauya masa wurin kwana zuwa busasshen daɓe. Ƙudan nan bai bar mutane ba, shi ya sa ake goge kayan jarirai da aka shanya a waje.

Ɗan kwikwiyon da yara suka kawo yana amai da zawo mai jini da wari.

Asibiti, yanzu. Galibi fabo ce, kuma rashin ruwa a jiki ke kashe su cikin kwana biyu zuwa uku. Ƙarin ruwa ke ceton su. Ƙwayar na rayuwa a ƙasa wata da watanni, don haka a wanke wurin da bilic, kashi 1 a ruwa kashi 30, kuma kada a kawo wani kwikwiyo marar rigakafi gidan nan kusa. Kwiyakwiyi na fara allurar haɗaka daga mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 zuwa 4 har su kai mako 16. Maganin tsutsa duk mako biyu har wata 3, babban kare kuma duk wata uku. Tsutsar kwikwiyo na kama yaran da ke wasa da ƙasa, don haka a riƙa kwashe kashi kullum.

Zan iya ba shi farasitamol ko maganin ciwon jiki na mutane?

Kada ka yi. Farasitamol na iya lalata masa hanta, ibufurofen da danginsa su huda masa ciki su taɓa ƙoda.

Karyar da na ɗauka tana ɗigar da jini ta baya fiye da wata guda.

Jinin neman namiji yakan zo kusan sau biyu a shekara, kuma duk lamarin yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu. In ya zarce, ko kin ga tsiron nama mai saurin zubar jini a al'aurarta, akwai wani ciwon daji da karnukan yawo ke ɗauka wajen barbara, maza da mata. Sunan na da ban tsoro, amma yana cikin masu jin magani: allura ta jijiya sau ɗaya a mako, galibi mako huɗu zuwa shida. In kuwa ruwa mai wari ke fita, tana yawan shan ruwa, cikinta ya kumbura, mahaifa ce ta yi ruwa, wannan aikin gaggawa ne.

Bayan ta warke ki yi shawara da likita kan cire mahaifa, namiji kuma dandaƙa. Cikin karya kwana 63 ne kacal. Kafin ki ankara kin tashi da kwiyakwiyi bakwai da ba mai so, su ne kuma za su koma kwalbatin da aka tsinto uwarsu.

Kwana da kwanaki yana maƙure a lungu, in na matso sai ya yi fitsari. Taurin kai ne?

Tsoro ne. Ka lura da kyau: in ka sunkuya, ko da takalmi za ka gyara, sai ya zabura. A saninsa duk wanda ya sunkuya dutse zai ɗauka. Haka in ya ga sanda, ko tsintsiya a hannu, ko yara sun taho a gungu suna ihu. Ba za ka fitar masa da wannan da tsawa ba.

Abin da ke aiki ba shi da wuya, haƙuri yake ci. Mutum ɗaya ya riƙa kai masa abinci a lokaci ɗaya kullum. Ya samu kujera 'yar tsugune ya zauna nesa kaɗan, ya ba shi gefe, kada ya zuba masa ido, domin a wurin kare kallon ido cikin ido neman faɗa ne. Ya jefa ɗan nama kusa da shi ya ci gaba da harkarsa, ko rediyo yake saurare. Ranar farko ba zai taɓa ba sai ka tashi. Wata rana zai miƙo wuya ya ɗauka ya koma da sauri. Sannu a hankali ka riƙa rage nisan jifar, har ranar da za ka ji sanyin hancinsa a bayan hannunka. Ko a ranar kada ka ɗora masa hannu a ka. Sosa masa ƙirji ko gefen wuya, ka janye tun bai gaji ba. Wani mako biyu ya ishe shi, wani sai ya yi watanni, wani kuma har ya mutu ba zai yarda da baƙo ba, kuma wannan ba laifi ba ne in an san da haka an tsara gidan a kai.

Tsawar damina da bindigogin hawan sallah da abin fashewar da yara ke wasa da shi a ƙarshen shekara na iya mayar da shi baya. A irin ranakun a tabbatar ƙofa a rufe take, don a nan suka fi ɓata.

Ai an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babban kare zai koyi wani abu?

Zai koya, sau da yawa ma ya fi kwikwiyo natsuwa. Hausa ma yana ji, ba sai an yi masa Turanci ba. Zaɓi kalmomi kaɗan, zo, zauna, tsaya, bari, kowa a gidan ya riƙa faɗin su iri ɗaya. Riƙe ɗan nama a saman hancinsa ka ja baya kaɗan. Kansa zai ɗaga, gindinsa ya sauka. Yana taɓa ƙasa ka ce zauna ka ba shi nan take, don in ka yi jinkirin daƙiƙa biyar bai san ladan me aka ba shi ba. Minti biyar sau biyu a rana ya fi awa guda ranar Asabar. Kada ka taɓa kiran sa da zo sannan ka doke shi, ko me ya yi. In ka yi haka sau ɗaya ka koya masa cewa zuwa wurinka haɗari ne.

Yana gurnani in an matso kusa da kwanonsa. Ina da ƙananan yara.

Karen da ya yi kokawar abinci a bola dole ya tsare kwanonsa. Gurnani gargaɗi ne, kuma in ka doke shi ya daina, ka samu karen da zai yi cizo ba sanarwa. A ba shi abinci a rufaffen wuri shi kaɗai, a ɗauke kwanon bayan ya tashi. Babba na iya wucewa nesa yana jefa masa abin da ya fi na kwanon daɗi, har ya gane zuwan mutum ƙari ne. Yara kuwa doka uku: ba a taɓa shi yana ci, ba a taɓa shi yana barci, ba a hawa ko jan wutsiya. Kada a bar ƙaramin yaro da kare su kaɗai, komai sabo. In ya riga ya kai wa yaro hari ba tare da tsokana ba, ra'ayina shi ne gidan yara ba wurinsa ba ne.

Yana bin kaji da awakin maƙwabta.

Musamman in tsohon karen farauta ne, wannan a jininsa yake, horo na ragewa amma ba ya gogewa. Katanga da ƙofa su ne maganin. In za a fita da shi, da igiya, in da hali da takunkumi. Ka je ka gaida maƙwabtanka tun kafin a yi ɓarna, ka nuna musu katin rigakafi, in ya kashe kaza ka biya ba gardama. Rigimar kare tsakanin maƙwabta sau da yawa da guba a cikin nama take ƙarewa.

Don gadi nake son sa. Yaya zan sa ya yi zafi?

Akwai masu kulle kare a keji mai duhu yini guda, su hana shi ganin mutane, su zuba masa barkono a abinci, wai ya yi zafi. Abin da suke samu shi ne karen da bai san bambancin ɓarawo da almajirin da ya zo bara ba, kuma ranar da sarƙa ta tsinke mai gidan ne zai kwana a ofishin 'yan sanda. Aikin karen gadi shi ne ya ji motsi ya yi haushi ya tashe ka. Karnukanmu na gida sun iya wannan ba tare da an koya musu ba, da zarar sun ɗauki gidan a matsayin nasu, ga shi sun fi na Turai jure zafi da kaska. Yana buƙatar sakewa a tsakar gida da motsa jiki kullum. Kejin kwano a rana a watan Maris da Afrilu na iya kashe shi cikin awoyi, domin kare da haki yake fitar da zafi. A sa kejin a inuwa, da ruwa a ciki.

Ya ciji mutum, ko ya yakushe shi har jini ya fito. Me za mu yi?

A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, a duba agogo. A sa ayodin ko sifirit. Kada a ɗora gashin karen, ko toka, ko barkono, kada a ɗaure tamau. A tafi asibiti a ranar, ko asibitin koyarwa na Shika ko wanda ya fi kusa, a faɗi gaskiyar tarihin karen. Allurar bayan cizo ana yin ta ne kashi-kashi a ranakun da aka tsara, ana farawa da ranar farko, ta 3 da ta 7, kuma dole a cika su yadda likita ya rubuta. In raunin mai zurfi ne ko a fuska da wuya da hannu, akwai ƙarin wata allura da ake yi a cikin raunin kansa.

Karen kuma kada a kashe shi a jefar cikin fushi. A kulle shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara yi wa mutum allura. In ya mutu ko an riga an kashe shi, kada a taɓa da hannu tsirara, a kira likita, domin ƙwaƙwalwarsa ake aunawa a tabbatar.

Nawa zan kashe, kuma in na ga ba zan iya ba fa?

Farashi na sauyawa, sai ka tambaya a asibiti. Watannin farko su ne masu nauyi: gwaje-gwaje, allurai, maganin fata, keji, wataƙila tiyata. Bayan nan sai abinci kullum, maganin tsutsa da kaska, da allurar shekara. Ka lissafa da cewa kare na iya yin shekara 10 ko fiye, ka kuma tambayi kanka wa zai kula da shi in ka yi tafiya, kuma ko mai gidan da kake haya ya yarda.

In ya gagara, kada ka kai shi bayan gari ka saki, kada kuma ka miƙa wa duk wanda ya ce yana so ba ka san inda za shi ba; akwai masu tara karnuka su yi lodinsu zuwa kasuwa. Nemi mai gona, mai gidan kaji ko mai garke da ka sani, ko ka tambayi likitan da ke duba shi, don sukan san masu nema. Ka miƙa shi da katinsa da ragowar maganinsa, ka faɗi halinsa duka, har cizon da ya taɓa yi da abin da ke firgita shi. In kuwa ciwon ba mai warkewa ba ne kuma yana shan azaba, likita na da allurar da ke kawo ƙarshen wahalar ba tare da zafi ba, shi zai duba ya faɗa maka ko an kai nan.